Fashin Baƙi: Me Ke Faruwa Idan Aka Dasa Wa Ɗan Ɓera Namiji Fituwitari a Jikin Ƙoda?

Idan aka ɗauko fituwitari, wato gaɓar da ke aika saƙon balaga, aka ƙara wa ɗan ɓera namiji wanda bai daɗe da barin nono ba, zai balaga da wuri ne, ko kuwa lissafin jikinsa zai dagule? Tambayar tsohuwa ce, ta kusa shekara ɗari a ɗakunan bincike, amma takan dawo bakin mutane duk lokacin da aka ji labarin masana sun rena naman fituwitari a cikin faranti. A shekarar 2011, masu bincike a cibiyar RIKEN da ke birnin Kobe na ƙasar Japan, ƙarƙashin jagorancin Yoshiki Sasai, sun samar da irin wannan nama daga ƙwayoyin halitta na asali, suka dasa wa ƙananan ɓerayen da aka cire wa tasu fituwitarin, naman kuma ya kama ya yi wani ɓangare na aikinsa. Daga nan sai zance ya bazu cewa an kusa fara dasa wa mutane "uwar sinadaran jiki", yaron da balagarsa ta yi nawa a ƙara masa, namijin da ƙarfinsa ya ja baya a sabunta masa.

Wannan fahimta tana damuna, domin tana jefa iyaye da magidanta cikin buri marar tushe, kuma tana buɗe wa masu sayar da ƙarya ƙofa. Abin da ɓeraye suka koya wa masana ya fi haka zurfi: fituwitari tana yin magana ne gwargwadon inda aka ajiye ta. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa tana faɗin abu ɗaya, a jikin ƙoda tana faɗin wani dabam, kuma jikin ɗan ɓera yana amsa kowanne da irin tasa amsar.

Mece ce fituwitari, kuma wa ke ba ta umarni?

'Yar ƙaramar gaɓa ce da ke rataye a ƙasan ƙwaƙwalwa. A jikin mutum girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinta kimanin rabin giram. A jikin baligin ɓera kuwa nauyinta ba ya wuce miligiram goma da 'yan kai, wato ɗigon nama ne da sai an kula za a gan shi. Aikinta shi ne tsatso sinadaran da ake kira homon, waɗanda jini ke ɗauka ya kai wa gaɓoɓi masu nisa. Ɓangarenta na gaba, wanda shi ne abin da ake dasawa, yana fitar da homon na girma, da mai tayar da gaɓar da ke gaban wuya, da mai tayar da gaɓar da ke saman ƙoda, da furolaktin mai kawo ruwan nono, sai kuma biyun da suka fi shafar zancenmu, LH da FSH.

A jikin namiji, LH yana zuwa maraina ya tayar da wasu ƙwayoyin halitta da ake kira da sunan Leydig, su kuma su samar da testosteron, wato homon na maza. FSH yana aiki ne a kan ƙwayoyin Sertoli, waɗanda ke renon maniyyi a cikin siraran bututun maraina. Idan testosteron ya yawaita a jini, sai ya koma sama ya rage fitar LH. Carl Moore da Dorothy Price na Jami'ar Shikago ne suka bayyana wannan kai-da-komo a 1932, kuma shi ya sa jiki ba ya zarcewa.

Ganin yawan gaɓoɓin da ke jiran saƙonta ya sa aka daɗe ana kiranta shugabar gaɓoɓin homon. Sai dai ita ma 'yar aike ce. A samanta akwai wani yanki na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas, kuma tsakaninsu akwai wasu siraran jijiyoyin jini na musamman da ke gangarowa kai tsaye daga can zuwa nan. Ta cikinsu ne haifotalamas ke aiko da GnRH, sinadarin da ke cewa "saki LH da FSH". Ta cikinsu ne kuma yake aiko da dofamin, wanda ke cewa "riƙe furolaktin, kar ki sake shi". A riƙe wannan bambanci da kyau, domin duk labarin a kansa ya rataya. LH da FSH sai an ce su fito suke fitowa. Furolaktin kuwa sai an hana shi yake tsayawa, kamar doki mai zumuɗi da linzami kaɗai ke tsare shi.

Yadda ake gane ɗan ɓera ya balaga

Rayuwar ɓera gajeruwa ce, shi ya sa ake iya ganin balagarsa daga farko har ƙarshe cikin wata biyu. Cikinsa makonni uku ne da ɗan ɗoriya. Ana yaye shi yana da kwana 21. Daga nan FSH ya fara hawa, maraina su yi ta girma, furolaktin ma ya riƙa ƙaruwa a hankali, sannan testosteron ya yunƙuro sosai bayan kwana 40.

Alamar da masu bincike ke dubawa ƙarama ce, amma abin dogaro ce. Ɗan ɓera namiji ana haihuwarsa ne fatar kan azzakarinsa a manne da kan. Kowace safiya mai bincike zai ɗauko shi ya kwantar a tafin hannu, ya sa yatsu biyu ya ɗan ja fatar baya a hankali. Ranar farko ba za ta motsa ba. Bayan kwanaki za ta fara buɗewa kaɗan, wani siririn zare yana riƙe da ita. Ranar da ta koma baya gaba ɗaya, sai a rubuta kwanan a littafi. A yawancin jinsunan ɓerayen gwaji hakan na faruwa tsakanin kwana 40 zuwa 50. Rabuwar fatar tana buƙatar homon na maza, domin idan aka dandaƙe ɗan ɓera tun yana ƙarami ba ta rabuwa a kan lokaci. Tun 1977 masana suka ɗauke ta a matsayin ma'aunin balaga na waje. Bayan wannan kuma sukan auna nauyin maraina, da na furostet, wata gaɓar maza da ke ƙasan mafitsara, da na jakunkunan da ke samar da ruwan maniyyi, su duba ko maniyyi ya fara bayyana.

Waɗannan ma'aunai ba sa tafiya tare dole. Fata tana iya rabuwa da wuri, furostet ya yi nauyi, amma maniyyi bai riga lokacinsa ba. Yawancin ruɗanin da ake samu wajen karanta irin wannan bincike daga nan yake fitowa.

Gwajin farko, da abin da ya ɓoye

A shekarun 1926 da 1927 aka yi gwaje-gwajen da suka buɗe wannan fage, a nahiyoyi biyu kusan lokaci guda. A Amurka, Philip Smith ya ƙware wajen cire wa ɓera fituwitari ta ƙarƙashin maƙogwaro ba tare da ya taɓa ƙwaƙwalwa ba. Ɓerayen da ya yi wa haka sai suka daina girma, marainansu suka yanƙwane. Da ya riƙa cusa musu ɗanyen naman fituwitari na wasu ɓerayen a cikin tsoka kowace rana, sai marainan suka farfaɗo. Shi da Earl Engle suka gwada hakan a kan 'ya'yan ɓerayen da ba su balaga ba, waɗanda tasu fituwitarin na nan lafiya. Matan suka balaga cikin 'yan kwanaki, farjinsu ya buɗe, ƙwayayensu suka kumbura. A birnin Balin na Jamus, Bernhard Zondek da Selmar Aschheim sun ga irin wannan a jikin ƙananan ɓeraye mata, har Zondek ya kira fituwitari injin da ke tuƙa al'amarin haihuwa.

Mazan kuwa amsarsu ba ta kai ta matan armashi ba. Furostet da jakunkunan ruwan maniyyi sun yi girma ƙwarai, alamar cewa maraina sun fara zubo homon na maza, amma su marainan kansu ba su yi irin wannan tsalle ba. Dalilin a fili yake idan aka san yadda ake ƙera maniyyi. Aiki ne mai matakai, kowane mataki da kwanakinsa, kuma a jikin ɓera yana cin kimanin makonni bakwai daga farawa zuwa gamawa. Yawan homon yana iya sa a fara, amma ba ya tsallake matakan. Komai gaggawar ungozoma, ta bari a haihu.

Akwai kuma abin da wannan gwaji ya ɓoye. Naman da ake cusawa kullum a cikin tsoka ba ya rayuwa. Mutuwa yake yi, yana narkewa yana sakin LH da FSH ɗin da ya riga ya tara, shi ya sa sai an sake sa wani washegari. A gaskiya allurar homon ce aka yi ta hanyar nama. Dashe na haƙiƙa, wanda naman zai kama ya sami jini ya ci gaba da rayuwa, wani abu ne dabam, kuma sakamakonsa ya zo da abin da ba a zata ba.

Wurin da aka dasa shi ne ke yanke hukunci

A 1952, Geoffrey Harris na Jami'ar Kambirij a Ingila da Dora Jacobsohn ta Jami'ar Lund a Suwidin suka wallafa gwajin da har yau nake ganin yana cikin mafi kyawun abin da aka taɓa yi a wannan ilimi, saboda sauƙin tambayarsa. Sun cire wa ɓeraye mata fituwitari, suka dasa musu wata. Wasu an dasa musu a daidai ƙarƙashin haifotalamas, inda waɗancan siraran jijiyoyi za su iya sake tsirowa su shiga naman. Wasu kuma an dasa musu a ƙarƙashin wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke gefe, nisan 'yan milimitoci kaɗai. Duka dashen ya kama, duka ya sami jini. Amma na farkon ne kawai suka dawo da zagayowar haihuwarsu, har wasunsu suka ɗauki ciki suka haihu. Na gefen kuwa ƙwayayensu suka ci gaba da yanƙwanewa. Jini kaɗai bai wadatar ba, sai jinin da ya biyo ta haifotalamas.

Abubuwa biyu a cikin gwajin sun shafi zancenmu kai tsaye. Na farko, wasu daga cikin fituwitarin da aka dasa na jariran ɓeraye ne 'yan kwanaki da haihuwa, amma da suka samu kansu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwar baliga sai suka yi aikin baligai tun kafin lokacin da masu su za su balaga. Ke nan agogon balaga ba a cikin fituwitari yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Na biyu, fituwitarin namiji da aka dasa wa mace ta bi tsarin mace. Kafin wannan, Carroll Pfeiffer ya yi hasashe a 1936 cewa ita fituwitarin ce ke zama ta maza ko ta mata. Gwajin Harris da Jacobsohn ya mayar da hankali kan ƙwaƙwalwa.

Sai John Everett na Jami'ar Duke ya zo da nasa a tsakiyar shekarun 1950. Ya cire wa ɓera mace fituwitarinta, ya dasa mata ita a jikin ƙodarta. LH da FSH suka kusa ɗaukewa, amma furolaktin ya ci gaba da kwarara babu ƙaƙƙautawa, wata da watanni. A 1958, shi da Miroslava Nikitovitch-Winer suka ɗauko naman da ya zauna a ƙoda suka mayar da shi ƙarƙashin haifotalamas, sai ya koma fitar da LH da FSH kamar da. Naman bai lalace ba, umarni ne ya rasa.

Me ya sa ƙoda? Ƙoda tana da wata siririyar fata mai ƙarfi da ta lulluɓe ta, kamar leda. Mai tiyata zai sa wa ɓeran maganin barci, ya tsaga gefen bayansa kaɗan, ya turo ƙodar waje, ya ɗan huda wannan fata da bakin almakashi, ya yi ɗan aljihu, ya tura ɗigon naman ciki, ya mayar da ƙodar ya ɗinke. Fatar tana riƙe naman ba sai an ɗaure ba, ƙoda kuma gida ce ta jini, don haka cikin 'yan kwanaki sababbin jijiyoyi ke tsirowa su shiga. Tsakiyar naman takan mutu, gefunan su rayu. Ƙwayoyin da ke yin LH da FSH su ƙanƙance, masu yin furolaktin su bunƙasa, tunda dofamin ɗin haifotalamas ba ya iso su da ƙarfin da zai tsare su. Ana amfani da ɓeraye 'yan zuriya ɗaya domin kada jiki ya ƙi dashen.

Saboda haka, duk wanda ya ji an ce an dasa wa ɗan ɓera ƙarin fituwitari a ƙoda, ya fahimci cewa abin da aka ƙara masa shi ne masana'antar furolaktin. Tasa fituwitarin tana nan a kansa tana aikinta, amma yanzu jininsa cike yake da homon ɗin da aka fi sani da kawo ruwan nono.

Abin da furolaktin ke yi wa ɗan ɓera namiji

Sunan furolaktin ya samo asali ne daga nono, kuma Oscar Riddle ne ya raɗa shi a farkon shekarun 1930 lokacin da yake nazarin abincin da tattabaru ke fitarwa daga maƙoshi su ciyar da 'ya'yansu. Wannan suna ya sa aka daɗe ana ɗauka ba shi da aiki a jikin namiji. Ɓeraye sun nuna akasin haka.

A jikin ɗan ɓera mai tasowa, furolaktin mataimaki ne. Yana ƙara yawan ƙofofin da ƙwayoyin Leydig ke karɓar saƙon LH da su, don haka LH kaɗan sai ya yi aikin da a da sai mai yawa ke yi. Yana kuma haɗa hannu da homon na maza wajen girmar da furostet da jakunkunan ruwan maniyyi. Andrzej Bartke, wanda ya shafe shekaru yana wannan bincike a Amurka, ya nuna hakan a jikin wasu wadannin ɓeraye da aka haifa ba sa samar da furolaktin: dasa musu fituwitari ya inganta haihuwarsu. Ya kuma nuna a jikin dabbar hamsta, wadda marainanta ke yanƙwanewa idan yini ya gajarta, cewa furolaktin na taimakawa wajen farfaɗo da su.

Da wannan za a gane sakamakon da aka samu a gwaje-gwajen shekarun 1970 da 1980, inda aka yi wa 'ya'yan ɓeraye maza dashe a ƙoda wajen lokacin yaye. Furolaktin ya hau, furostet da jakunkunan ruwan maniyyi suka fi na takwarorinsu nauyi, kuma a wasu gwaje-gwajen fatar kan azzakari ta rabu kwanaki kafin ta waɗanda ba a dasa wa komai ba. Kwanaki kaɗan a rayuwar dabbar da ke balaga cikin makonni shida abu ne babba. Takwarorin ma akan yi musu tiyata iri ɗaya, a buɗe su a ɗinke ba a sa naman ba, ko a sa wani nama dabam, domin a tabbatar ba wahalar wuƙa ce ta kawo bambancin ba. A jikin 'ya'yan ɓeraye mata abin ya fi fitowa fili, domin yawan furolaktin yana gaggauta balagarsu sosai.

Amma labarin bai tsaya nan ba, kuma rabinsa na biyu shi ne wanda masu zumuɗi ba sa faɗa. Furolaktin ɗin da ke taimakon maraina daga ƙasa yana hawa sama ya taɓa ƙwaƙwalwa. Idan ya daɗe da yawa a jini, haifotalamas yakan rage fitar da GnRH, sai LH da FSH na fituwitarin ɓeran su ragu. Yana kuma sa haifotalamas ya ƙara dofamin domin ya danne furolaktin ɗin, amma dofamin ɗin yana isa fituwitarin kai ne kawai, ta ƙodar kuwa ko a jikinta. Binciken baya-bayan nan ya gano wata mahaɗa a tsakani: wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da kisfeftin, waɗanda su ne ke zaburar da GnRH, suna da ƙofofin karɓar furolaktin, kuma yawansa yana sanyaya su. Muhimmancin kisfeftin ya bayyana a 2003, lokacin da ƙungiyoyin masana biyu suka gano cewa mutanen da ƙofar karɓarsa ta samu tangarɗa a jikinsu ba sa balaga.

A jikin baligan ɓeraye masu ɗauke da dashe na tsawon lokaci, an ga LH da FSH sun sauka, amma sau da yawa testosteron yana nan kusa da yadda yake, wataƙila domin marainan sun ƙara jin saƙo. Duk da haka halinsu ga mace ya canja. Suna jinkirin kusantarta, suna ɗaukar lokaci kafin su kammala, miƙewar gabansu ta ragu. Wannan ya nuna furolaktin yana taɓa sha'awa ta hanyar ƙwaƙwalwa kai tsaye, ko da homon na maza bai faɗi ba. Abu guda ne ya turo alamar balaga gaba a ƙuruciya, ya kuma rage kuzari a girma. Shekarun ɓeran lokacin dashe, da yawan naman da aka sa, da tsawon lokacin da ya zauna, su ne ke nuna wace fuska za a gani.

Inda ake jayayya

Masana ba su haɗu a kan cewa furolaktin kaɗai ke yin duk wannan aiki ba. Naman da ke ƙoda yana ɗan fitar da homon na girma da wasu sinadarai, kuma a kwanakin farko, yayin da tsakiyarsa ke mutuwa, yana sakin LH da FSH ɗin da ya tara, kamar dai a gwajin Smith. Ga ɗan ɓeran da ke bakin ƙofar balaga, wannan ɗan turin ma zai iya yin tasiri. Hanyar da ake bi a rarrabe ita ce a ba wasu daga cikin ɓerayen buromokiriftin, magani mai kwaikwayon dofamin da ke danne furolaktin har na ƙodar, a ga abin da zai saura. Akwai kuma bambancin jinsi: yadda babban ɓeran gwaji ke amsa dashe ba daidai yake da na ƙaramin ɓeran gida ko na hamsta ba, har wani lokaci sukan yi hannun riga.

Jayayya ta biyu ta shafi halaccin aikin kansa. Akwai masu ganin tsaga jaririn dabba don amsa tambaya zalunci ne. Ni ina ganin damuwarsu tana da nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da hukumomin bincike ke bi a yau: a maye gurbin dabba da wata hanya idan akwai, a rage yawan da ake amfani da su, a kuma sauƙaƙa musu raɗaɗi. Yau ana iya ɗaga furolaktin da magani ko da ɗan famfon da ake sawa ƙarƙashin fata, don haka buƙatar dashen ta ragu ƙwarai. Amma gaskiya ne kuma cewa ba don waɗancan ɓeraye ba, da ba a san GnRH na nan ba balle a neme shi. Andrew Schally ya fayyace siffarsa a 1971, shekarar da Harris ya rasu, kuma a 1977 shi da Roger Guillemin suka samu kyautar Nobel a kan homon ɗin haifotalamas.

Me wannan ke nufi ga mutane?

Babu likitan da ke dasa wa yaro fituwitari don ya balaga, kuma bayanin da ya gabata ya isa nuna dalili. Naman da ba ya samun jinin haifotalamas ba zai ba da LH da FSH yadda ake so ba. Wannan ita ce babbar matsalar da masu renon nama a faranti ke fuskanta har yanzu. A gwajin Kobe ma a ƙoda aka yi dashen, kuma abin da aka dawo da shi homon ne mai tayar da gaɓar saman ƙoda, ba na haihuwa ba.

Akwai wani ƙarin sirri da Ernst Knobil ya gano a jikin birai a 1978: GnRH yana aiki ne idan ya zo ɗigo-ɗigo, da tazara tsakani. Idan aka zuba shi babu yankewa, fituwitari sai ta toshe kunne ta daina sakin LH da FSH. Likitoci suna amfani da fuskokin biyu. Yaron da balaga ta zo masa da wuri ƙwarai, wato kafin shekara 9, akan ba shi maganin da ke kwaikwayon GnRH ba yankewa domin a dakatar da ita har lokacinta ya yi. Wanda kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta samar da GnRH, kamar masu larurar Kallmann da galibi ba sa jin ƙamshi, akan ba shi ta famfo mai ɗigowa lokaci-lokaci, ko a yi masa alluran homon da ke zuwa maraina kai tsaye.

Ta fuskar furolaktin, mutum ya fi kama da baligin ɓera mai tsohon dashe. Yawan furolaktin a jikin ɗa namiji yana jinkirta balaga, a jikin magidanci kuma yana kawo raguwar sha'awa, da raunin gaba, da ƙarancin maniyyi, wani lokaci da kumburin nono. Sanadin da aka fi sani shi ne wani ƙari marar cutar daji da ke tsirowa a fituwitari, wanda idan ya girma yakan danne jijiyoyin gani ya kawo ciwon kai da rashin ganin gefe. Wasu magungunan taɓin hankali da na tsayar da amai, irin su halofaridol da metokulofuramid, su ma suna ɗaga shi domin suna toshe dofamin, wato suna cire linzamin nan. Abin farin ciki shi ne gwajin jini yana nuna matsalar, kuma magunguna irin su buromokiriftin da kabagolin sukan sauke furolaktin, har su rage girman ƙarin ba tare da tiyata ba. Wanda ke shan maganin taɓin hankali kada ya daina da kansa, ya koma wa likitansa a duba. Yaron da ya kai shekara 14 marainansa ba su fara girma ba, shi ma ya cancanci a duba shi, duk da cewa da yawa daga cikinsu jinkiri ne na gado da ke wucewa da kansa.

Game da ƙwayoyin da ake tallatawa da sunan garin fituwitarin dabbobi, LH da FSH da furolaktin duk dangin furotin ne, kuma ciki yana narkar da su kamar yadda yake narkar da kowane nama, shi ya sa na asibiti allura ake yi. Amfani da naman fituwitari a jikin mutum kuma yana da tarihi mai ciwo. Daga ƙarshen shekarun 1950 an riƙa tatso homon na girma daga fituwitarin gawawwaki ana yi wa yara masu tsumburewa allura. A 1985 aka dakatar da hakan a ƙasashe da dama bayan an gano wasu daga cikinsu sun kamu da cutar Creutzfeldt-Jakob mai lalata ƙwaƙwalwa, wadda ba ta da magani. Waɗanda suka kamu ta wannan hanya a duniya sun haura 200, kuma fiye da 100 daga cikinsu a Faransa ne. A wannan shekarar ce aka amince da homon na girma da ake haɗawa a masana'anta, kuma shi ake yi wa yara tun daga lokacin.